Mu Biyu Muka Tafi Ɗaukar Hoton Agadas

Tun a Ɗan Isa, garin farko da ake tararwa idan an ƙetare iyaka daga Jibiya, aka nuna mana mun bar gida. Jandarman da ke kan shinge ya zaro ƙafar kyamararmu daga buhu, ya ware ta, ya tsaya yana kallonta kamar ya kama makami.

"Wanga kuma mine ne?"

Yayana Lawal ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, mazaunin kyamara ne. Masu hoto ne mu."

"Masu hoton Najeriya ba su da hannuwa ne?"

Ya sa aka sauke kayanmu, motar da ta ɗauko mu ta wuce ta bar mu. Muka yini a gindin wata bedi muna kallon 'yan dako suna ƙetarawa da buhunan shinkafa, sai da la'asar ta yi sanyi wani babban jandarma ya zo ya leƙa buhun, ya yi tsaki, ya ce mu tafi. Daga inda muke zaune, in ka miƙe tsaye kana iya hango hanyar Magama, garin iyaka na ɓangarenmu. Na ce wa Yaya ko mu koma mu kwana gida, gobe mu sake fitowa. Ya ce in ya koma Inna ba za ta bar shi ya sake fita ba.

Shagon hoto gare mu a bakin tashar Jibiya, kuma Yaya ne ya koya mini sana'ar tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a muna cikin masu kabbara, har yau ban yi nadamar wannan ba. Sai dai gala ta mutu, ajo ya mutu, biki ya koma walima, mata a ciki maza a waje, kuma a nan ne abincin mai hoto yake. Daga baya wayoyi masu kyamara suka shigo suka ƙarasa abin da ya rage. Muka koma sai hoton fasfo.

A cikin wannan zaman banza na koyi wata dabara a wani shagon kwamfuta a Katsina. Idon kyamara ba kamar na mutum ba ne. In ka tsaya cikin zaure da rana tsaka ka ɗauki hoto, ko dai cikin zauren ya fito ƙofar ta zama fari fat, ko kuma waje ya fito ciki ya zama baƙi ƙirin. Dabarar ita ce ka kafa kyamara a kan ƙafarta yadda ba za ta motsa ba, ka ɗauki wuri ɗaya sau uku, ɗaya mai duhu, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske, sannan ka haɗa su a kwamfuta. Sai ka ga azarar rufi ɗaya bayan ɗaya, ka kuma ga gajimaren da ke bayan ƙofa. Masu sana'ar suna ce masa HDR, mu a shago muka sa masa haɗi-uku. Na ɗauki hasumiyar Gobarau da shi, na ɗauki wani tsohon zaure a Bugaje, muka rataye a bango.

Wata ranar kasuwa motar wani Buzu ta lalace kusa da mu, ya shigo shan inuwa. Ya daɗe a gaban hotunan nan yana kallo. Sannan ya ce sunansa Mushe Agali, yana da kamfanin kai Turawa yawon buɗe ido a Agadas, kuma in muka ɗaukar masa gine-ginen ƙasarsu haka, zai buga littafi da katunan da Turawa ke saye, mu raba riba. Bayan ya fita muka yi ta dariyar mutumin da ke kiran kansa mushe da bakinsa, don ba mu san haka ake ce wa mai ilimin boko a can ba. Amma Yaya bai yi barcin kirki ba tun daga ranar. Ya sayar da babur ɗinsa da gonar da ya gada a Mazanya, ya sayo kyamara mai kyau da kwamfutar tafi-da-gidanka. Ya bar matarsa Hinde da 'ya'ya biyu a wurin Inna.

A Maraɗi ba mu daɗe ba, can kamar gida ne, har tuwon iri ɗaya. Damagaram ce zangonmu na farko na aiki, don Mushe ya ce mu tsaya mu ɗauki tsofaffin gidajen unguwar Birni. Ban taɓa ganin ado a bangon ƙasa irin na can ba. Wani dattijo mai gida mai zankwaye ya gan mu muna leƙe, ya kira mu, ya sa aka dama mana fura, ya ce mu ɗauki duk inda muke so ban da cikin gida. Muka kafa kyamara a soronsa, muna fuskantar ƙofar da ke shiga tsakar gida. Haske na zubowa ta wata 'yar taga a kan bakan rufin. Na san tun kafin in haɗa cewa ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Haɗi-uku yana da aibi ɗaya: ba ya son abu mai motsi. Ashe lokacin da nake ɗauka matar dattijon ta gifta ta bakin ƙofar, tana dafa bango. Da na haɗa hoton na juya masa kwamfutar don ya gani, sai ga ta a ciki, amma ba cikakkiya ba. Ana ganin bangon ta cikin jikinta, kamar hayaƙi mai siffar mutum.

Dattijon ya matso da fuskarsa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Tun damina take kwance. Yau ne ta fara tashi da ƙafarta."

Yaya ya ce, "Baba, aikin na'ura ne, motsi ta yi. Ba komai ba ne, wallahi."

"Na ji, yaro. Amma ku goge. Duk abin da kuka ɗauka a gidan nan ku goge a gabana."

Bai ɗaga murya ba, bai zage mu ba. Na goge su ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Ya raka mu har bakin ƙofa ya ce Allah ya kiyaye hanya, amma bai ba mu hannu ba.

Daga nan sai Tanut, sai ƙasa ta fara ƙarewa. Itatuwa suka gajarce, suka koma ƙaya, daga baya babu ko ƙayar. Muka shiga Agadas leɓunanmu a tsage.

Mushe ya tarbe mu da fara'a, ya ba mu wani ɗaki a bayan ofishinsa inda ake ajiye tayoyi da jarkoki. Muka fara aiki. Da an sallame asuba muke fita, mu dawo in rana ta yi zafi, mu sake fita bayan la'asar. Mun ɗauki doguwar hasumiyar masallacin nan mai itatuwa a jiki ta kowace kusurwa. Mun ɗauki lunguna, da ƙofofin giginya, da cikin wani tsohon gida da aka yi wa bangonsa ado har rufi. Yaya ke zaɓen wurin tsayawa, don shi ke da ido, ni kuma in yi haɗi. Akwai ranar da na gama haɗa hoton hasumiyar da yamma, jan gini ya fito da kowane tabon hannun magina, sama kuma ta fito da launinta ba ta ƙone ba. Yaya ya zauna a kan taya yana kallo, ya ce, "Sada, ashe mu ma mun iya wani abu." Wannan ce ranar da na fi ganinsa cikin farin ciki tun da aka haife ni.

Abinci ne ya fara karya mu. Taliya da shinkafa, shayi mai ɗaci a ɗan kofi, shi ke nan. Ina kwanciya in rufe ido in ga Inna tana kaɗa miyar kuka. Wata rana muna sayen abinci a bakin tasha, mai tuwon ta ji maganarmu ta ɗago kai.

"Ku ɗiyan ina ne? Wanga baki na Katsina ne."

Muka ce Jibiya.

"Jibiya! Ni ta Madarumfa ce, kasuwarku muke ci ina budurwa. Ku zamna, ku zamna."

Sunanta Iya Tabawa. Tun daga ranar kullum sai ta ajiye mana ƙanzo, in mun miƙa kuɗi wani lokaci ta karɓa wani lokaci ta harare mu. Tana da wayar hannu, ita ce ma muke ba mutanen gida lambarta.

Mushe bai taɓa ba mu komai ba sai na abinci. In Yaya ya yi magana ya ce, "Haƙuri, patoron, sai littahi ya hito." Muna cikin wannan jira tawaye ya ɓarke a duwatsun arewa. Aka fara jin nakiya ta tashi da mota a hanya kaza. Turawa suka ɗauke ƙafa kamar an share su. Motocin Mushe suka yi layi a ƙofar ofis ƙura na hawansu. Garin ya cika da masu kaki, kuma baƙo mai kyamara ya zama abin zargi.

Wata safiya Mushe ya shigo ɗakinmu a firgice, ya ce ana bi gida-gida ana bincike, in aka samu 'yan Najeriya da kyamara da kwamfuta cike da hotunan gari, za a ce 'yan leƙen asiri ne, kuma shi ba zai iya fitar da mu ba. Ya ce mu kawo ya ɓoye a gidansa har ƙura ta lafa. Maganar ta yi kama da gaskiya, don mun ga an kama wani a kasuwa saboda ƙaramar kyamara. Yaya da hannunsa ya naɗe su a cikin bargo ya kai masa mota.

Bayan 'yan kwanaki aka ce Mushe ya tafi Yamai ganin iyali. Muka jira. Wayarsa ta daina shiga. Aka zo aka kwashe motocin. Sannan mai ginin ya zo da kwado ya ce mu fitar da tabarmarmu, ya ba wani haya. Muka je gidan da Mushe yake zaune muka tarar da wasu mutane daban.

Mun kai ƙara ofishin 'yan sanda. Mutumin da ke kan teburin ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "To, da iznin wa kunka ɗauki hoton gari a lokacin yaƙi?" Yaya ya taɓa ni da ƙafa. Muka yi godiya muka fita da baya.

Iya Tabawa ce ta ba mu wurin kwana a rumfarta, ta kuma haɗa mu da masu lodin manyan motocin da ke tafiya Libiya. Muka koma 'yan dako. Hannun Yaya da bai saba da komai ba sai maɓallin kyamara ya yi kanta, ya fashe, ya sake yin kanta. Bai yi ƙorafi ba, magana ce dai ya rage. Sai ya zauna ya zuba wa motocin nan ido, yadda ake ɗaure jarkokin ruwa a jikinsu, mutane su hau can ƙololuwa a kan kaya, kowa ya rufe fuska.

Abin da ya ƙarasa shi wani ɗan kati ne. Mun kai kaya wani otal, sai ga shi a cikin gilashin mai sayar da tsaraba: hasumiyar masallaci da yamma, hotonmu, wanda Yaya ya zauna a kan taya yana kallo. A ƙasa an rubuta sunan Agali. Yaya ya ce wa mai shagon, "Ni na ɗauki wannan." Mutumin ya kalli rigarsa da ƙafarsa, ya yi dariya, ya ce in ba saye zai yi ba ya matsa. Da muka fito Yaya ya jingina da bango ya rufe fuska da hula. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar, ko rasuwar mahaifinmu bai yi a gabana ba.

Washegari muna cin tuwo da rana ya ce, "Sada, Libiya za ni."

Na ce, "Yaya, mu koma gida. Shagon yana nan. Fasfo ma ai abinci ne."

"Da wace huska? Na sai da gonar Baba. Hinde ta ce kar in sayar, Inna ta ce kar in sayar. In shiga gida da tabarma a hammata in ce musu mi?"

"To mu tahi tare."

"A'a. Mu biyu kaɗai Inna ta haifa. Ba za a zuba mu a mota ɗaya ba. Shekara guda zan yi, in sami na kyamara in dawo."

Iya Tabawa ta sa baki, ta ce ta ga masu tafiya da yawa, ba ta ga masu dawowa da yawa ba. Ya ce mata ya gode, amma ya riga ya yi magana da direba. Na roƙe shi har na kama ƙafarsa a gaban mutane. Ya ɗaga ni ya ce in daina ba shi kunya.

Ranar tafiyar ni na ɗaure masa jarkarsa a jikin motar, na naɗe ta da buhu don kar ruwan ya yi zafi. Ya hau can sama ya zauna tsakanin wasu 'yan Gana. Da motar ta tashi ya ɗaga murya ya ce, "Ka ce wa Inna aiki na samu!" Na bi motar da ƙafa har ƙarshen gari, inda hanya ke shiga rairayi.

Sau ɗaya ya kira wayar Iya Tabawa, daga Dirku, wani zango a hanyar Libiya. Ya ce sun isa lafiya, za su sauya mota. Ba na kusa, ina wurin lodi. Da na dawo na kira lambar, wani ya ɗauka ya ce wayar haya ce, bai san kowa ba.

Ban tafi gida ba. Na zauna a Agadas har zafi ya wuce, sanyi ya shigo ya fita. Duk motar da ta dawo daga arewa ina bakinta kafin ta tsaya, ina tambayar masu saukowa: dogo ne, baƙi, yana da tabo a gira, sunansa Lawal mai hoto. Wani ya ce ya ga mai kama da shi yana gini a Sabha, can cikin Libiya. Wani ya ce a lokacin nan wata mota ta ɓace hanya, an tsinci mutanenta a kwance kusa da ita, an binne su a wurin. Wani ya karɓi kuɗin shayi ya ce zai bincika, ban sake ganinsa ba. In Inna ta kira sai in ce Yaya yana wurin aiki, babu waya a can.

Iya Tabawa ce ta kore ni. Ta ce, "Ɗana, uwarka ta rasa guda, kai kuma kana nan kana hana ta gudan. Tashi." Ta sama mini wuri a bayan wata motar albasa da za ta Maraɗi, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da dabino a leda. Ban iya yi mata godiyar kirki ba.

A Ɗan Isa babu wanda ya tsayar da ni, ba ni da abin da za a bincika. Na tako da ƙafa na ƙetare. Da na iso Magama na ji ana kiran Jibiya, Jibiya, saura mutum ɗaya, sai na ja na tsaya. Gida ga shi nan, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba, amma na kasa shiga motar. Na koma cikin 'yan dakon iyaka, mutanen Maraɗi, na ce ina neman aiki. Na yi kwanaki ina sauke buhuna, na ja rawani na rufe fuska, ina kwana a masallacin tasha. Na manta a Magama rabin direbobin ni na ɗauke su hoton lasisi.

Wata rana da hantsi ina ɗauke da buhu na ji an ce, "Sada."

Inna ce, a bayan ɗan acaba, ita da ba ta taɓa yarda ta hau babur ba. Ta rame. Na sauke buhun na durƙusa. Ta dafa kaina, amma ba ni take kallo ba, hanyar Nijar take kallo ta bayana.

"Shi yana baya ne?"

Na buɗe baki in faɗi abin da ya ce in faɗa, na kasa. Na gaya mata komai, a nan bakin titi, motoci na wucewa. Ba ta yi kuka ba. Da na gama ta ce, "Ka ga gawarsa?"

Na ce a'a.

"To tashi mu tai gida. Ka ƙazantu."

Hinde ta jira shekaru. Daga baya danginta suka kai magana gaban alƙali, aka kira ni shaida, na faɗi inda na rabu da shi da abin da na ji. Aka raba auren, ta yi idda, ta auri wani mutumin kirki a Katsina. Ban ga laifinta ba. Yaran suna hannuna. Inna ba ta hana ta tafiya ba, har turmin atamfa ta ba ta, amma ranar da liman ya zo da shawarar a yi wa Yaya addu'ar mamaci a karɓi gaisuwa, ta ce duk wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanta don wannan, ba ta yafe ba.

Ban sake yin haɗi-uku ba. Yanzu ina da 'yar rumfa a Magama, kusa da shinge, ina ɗaukar hoton fasfo ga masu ƙetarawa. Ni na so in buɗe a cikin gari, Inna ce ta ce a can ya fi. Ta tsufa sosai, ba ta fita ko ƙofar gida. Kullum da safe in na leƙa ɗakinta in ce na tafi, sai ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Ka riƙa duba motocin Maraɗi da kyau, ka san ya rame yanzu, kar ya wuce ka ba ka gane shi ba."

Sai in ce, "To, Inna."

Kuma ina dubawa.